Babi na Shida: Saukar Jirgi Tsakanin Duwatsu

A duk faɗin arewacin Kamaru babu filin jirgin sama da ya kai na Garwa ba matuƙi sarari. Titin saukarsa ya haura kilomita 3, ya miƙe sambal daga gabas zuwa yamma a kwarin kogin Binuwai, kimanin mita 240 kacal sama da matakin teku. Tun zamanin Shugaba Ahmadu Ahidjo, wanda ɗan garin ne, aka shirya shi yadda zai ɗauki manyan jirage. Daga nan maniyyatan yankin suke tashi zuwa ƙasa mai tsarki, nan ne kuma 'yan ƙwallon Najeriya da na Masar suka sauka a Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin nahiyar Afirka.

Duk da haka, in ka zauna da samarin da suka kamu da wasan tuƙin jirgi a waya ko a kwamfuta, a Garwa ne ko a Marwa ko a Yola, da wuya ka ji sunan wannan fili a bakinsu. Hirarsu ta Lukla ce da Paro da Courchevel, filayen da aka maƙala a jikin duwatsu a Nepal da Butan da Faransa. A can ake gwada ƙwanji. Duk wanda ya dire jirgi a Lukla bai rugurguza shi ba, ranar sai abokansa sun ga hoto.

Wannan sha'awa abar yabo ce, kuma ta cancanci manya su dube ta da idon basira. Abin da ke sa sauka a kan dutse ta yi wuya yana nan tare da mu a gida, cikin zafin Afrilu da hazon Janairu da tudun Adamawa. Babban darasin da filayen duwatsu ke koyarwa kuwa ya shafi hukuncin da matuƙi zai yanke tun yana nesa: ya ci gaba da sauka, ko ya fasa.

Daga akwatin Link zuwa wayar hannu

Koyon tuƙin jirgi a ƙasa ya girmi kwamfuta. A 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link, wanda mahaifinsa ke da masana'antar kayan kiɗa a garin Binghamton, ya harhaɗa wani akwati mai siffar ɗan ƙaramin jirgi. Ya sa masa zugazugai irin na kayan kiɗan gidansu, su ne ke karkata akwatin hagu da dama, sama da ƙasa. Mai koyo ya shiga a rufe shi ruf, ba ya ganin komai sai agogunan da ke gabansa. Da farko masu wuraren shaƙatawa ne suka fi sayensa. Sai a 1934, bayan matuƙan sojan Amurka da dama sun halaka wajen jigilar wasiƙu cikin dare da mummunan yanayi, rundunar ta sayi guda 6. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, matuƙa fiye da 500,000 sun bi ta cikin irin wannan akwati. Abin da aka ɗauka kayan wasa ne ya zama makaranta.

Da kwamfuta ta shigo gidaje, sai harkar ta fita daga hannun soja. A 1982 aka fitar da Microsoft Flight Simulator na farko, wanda ya samo asali daga aikin Bruce Artwick. A 1995 Austin Meyer ya fito da X-Plane, wanda ke lissafa yadda iska ke bugun kowane yanki na fiffike maimakon ya bi jadawalin da aka rubuta masa. A 1997 kuma wasu masu aikin sa kai suka fara fitar da FlightGear, wanda har yau kyauta ake saukar da shi. Babban sauyi ya zo ranar 18 ga Agusta 2020, lokacin da aka fitar da sabon wasan da kamfanin Asobo da ke Bordeaux a Faransa ya gina wa Microsoft, mai ɗauke da duniya baki ɗaya, daga hotunan tauraron ɗan'adam, da filayen jirgi kimanin 37,000.

A cikin waɗannan filaye, guda 30 ne aka zauna aka zana da hannu a bugun gama-gari da aka fitar a lokacin. Lukla da Paro da Courchevel suna ciki. Daga nahiyar Afirka kaf, Entebbe ta Yuganda ce kaɗai ta samu shiga. Garwa da Marwa da Ngaundere ba su samu wannan kulawa ba, daga hoto kawai aka tsara su. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in yaron da aka haifa a Garwa, a gindin dutsen Tingilin, ya fi sanin kwarin Lukla a kan kwarin Binuwai. Abin da aka ƙawata masa shi ya gani.

Wannan babban wasa yana neman kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai sauri da wutar da ba ta ɗaukewa, abubuwa uku da ba kowane gida ke haɗa su ba. Don haka yawancin samarinmu a waya suke yi, da irin su Infinite Flight da RFS da X-Plane na waya. Wayar ita ce sitiyari: ka karkata ta jirgi ya karkata, babban yatsa yana kan totur.

Mita 527

Mu leƙa Lukla mu ga abin da ke jan hankalin. An gina filin a 1964 bisa jagorancin Edmund Hillary, wanda shi da Tenzing Norgay suka fara taka ƙololuwar dutsen Everest a 1953. Sai a 2001 aka zuba masa kwalta. Yana kan tsayin mita 2,845. Titin saukarsa mita 527 ne, wato titin Garwa ya ninka shi sau shida da ɗoriya. Titin kuma ba a kwance yake ba, hawa ne mai gangaren kusan kashi 12 cikin 100. A bakinsa na ƙasa akwai rami mai zurfin ɗaruruwan mitoci, a ƙarshensa na sama kuma bango ne da dutse. Ta hanya ɗaya ake sauka, a haura tudun. Ta hanya ɗaya ake tashi, a gangaro. Ƙananan jirage irin su Twin Otter da Dornier 228 ne ke zuwa, da rana kaɗai, kuma sai matuƙi yana gani da idonsa.

Ga yadda abin yake a fuskar waya. Jirgi yana bin kwarin kogin Dudh Kosi, duwatsu hagu da dama sun fi shi tsayi. Can gaba sai ka hango wani ɗan baƙin zare a jikin tudu, shi ne titin. Ka rage totur, ka saki ƙananan fukafukan baya don jirgin ya iya tafiya a hankali bai faɗi ba. Daga nan ido zai fara yaudararka. Saboda titin hawa ne, sai ya bayyana kamar ka yi sama da yawa, hannunka ya so ya dangwarar da hancin jirgi. In ka biye masa, za ka iso ƙasa da bakin titin, ka daki gaɓar ramin. In kuma tsoron ramin ya sa ka ƙara sama da gudu, za ka wuce rabin titin tayoyinka ba su taɓa ƙasa ba, bango kuwa yana jiranka.

Courchevel a tsaunukan Faransa ma haka take: titi mai mita 537, gangare fiye da kashi 18 cikin 100, a tsayin kimanin mita 2,000. Paro a Butan titinta dogo ne har manyan jirage na sauka, amma tana cikin kwari a tsayin mita 2,235, kewaye da tsaunukan da suka haura mita 5,000. Matuƙi yana lanƙwasa tsakanin duwatsu ne, ba ya ganin titin sai dab da sauka, shi ya sa matuƙa ƙalilan ne ke da izinin zuwa can.

Hukumar jiragen saman Nepal ba ta barin kowa ya kai fasinja Lukla. Sai wanda ya yi sauka da tashi sau 100 a gajerun filaye, ya shekara yana wannan aiki a cikin Nepal, sannan ya je Lukla sau 10 tare da malami. Duk da wannan tsauri, ranar 8 ga Oktoba 2008 hazo ya rufe bakin titin lokacin da wani Twin Otter na kamfanin Yeti yake dab da sauka. Cikin mutum 19 da ke ciki, matuƙin ne kaɗai ya tsira. Ya kamata duk mai wasa ya san wannan, don ya tuna cewa ɗan baƙin zaren nan da yake hari da yatsa wuri ne na gaske, da ya ci rayukan mutane na gaske.

Lokacin da zafi ya mayar da kwari tudu

Gajartar titi kowa na ganinta. Abin da ido ba ya gani shi ne halin iskar. Jirgi da iska yake rayuwa ta fuska uku: fiffike yana ɗaukarsa ne saboda iskar da ke bi ta kansa, inji yana shaƙar iska ya ƙona mai, farfela kuma iska take yanka ta tura baya. Duk sa'ad da aka yi sama, iska tana ƙara zama shara-shara. A tsayin Lukla, kaurinta bai wuce kashi uku cikin huɗu na wadda ke bakin teku ba. Ma'anar wannan ita ce, in agogon gudu ya nuna maka adadin da ka saba sauka da shi, ainihin gudun jirgin ya ɗara haka da kimanin kashi 15 cikin 100. Kana isowa da ƙarin gudu, injinka ya rage ƙarfi, titin kuma gajere.

To, tsayi ba shi kaɗai ke sirantar da iska ba. Zafi ma yana yi. Masana harkar jirage sun ɗauki digiri 15 a ma'aunin Salshiyos a matsayin mizanin bakin teku, yana raguwa da kimanin digiri 2 a kowace mita 300 da aka hau. Duk digiri ɗaya da zafi ya ɗara wannan mizani, jirgi yana jin kamar an ɗaga filin da kimanin mita 36. Mu yi lissafin da Garwa. A tsayinta, mizanin bai kai digiri 14 ba. A watan Maris da Afrilu kuwa, zafin azahar yana haura 40. In ya kai 42, rarar ta kusa digiri 29, sai jirgin ya ji kamar filin yana kan tsayin kusan mita 1,300. Matuƙi yana kallon kogin Binuwai shimfiɗe a gefensa, amma fukafukansa da injinsa suna aiki kamar a kan tudu.

Ngaundere kuwa tudun gaske ce. Filin jirginta yana kan tsayin da ya haura mita 1,100 a kan tudun Adamawa. Mutanen Garwa suna zuwa can su ce sun sha sanyi, amma ranar da zafi ya kai digiri 33, iskar filin tana daidai da ta mita 2,000 a ranar mizani, wato tsayin Courchevel.

Wannan lissafi ba na takarda ba ne kawai. Mutanen Kano ba za su manta da 4 ga Mayu 2002 ba, ranar da jirgin kamfanin EAS ya taso da tsakar rana daga filin Malam Aminu Kano, ya cinye titin tashi bai ɗaga ba, ya ɗan yi sama da ƙyar, sannan ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Cikin abubuwan da masu bincike suka yi nuni da su akwai gajartar titin da aka yi amfani da shi ranar, da zafin rana, da tsayin Kano, waɗanda suka haɗu suka rage wa jirgin ƙarfi. Babu dutse ko ɗaya a gaban wannan jirgi, amma dokar da ke aiki a Lukla ita ta yi aiki a kansa.

Hazo

Abu na biyu da muke da shi a gida shi ne hazo. Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta baza ta a kan Marwa da Garwa da Yola har zuwa Kano da Sakkwato. Wata rana sai ka tsaya a wannan gaɓar Binuwai ba ka hango waccan ba. Matafiya sun san lokacin: a zo filin jirgi da sassafe, a wuni, a ce an ɗage tafiya.

Hazo ya fi gajimare yaudara. Gajimare yana rufe komai, matuƙi ya san ba ya gani, ya koma kan agogunansa. Hazo kuwa yana barin ka ga ƙasar da ke ƙarƙashinka kai tsaye, har ka hango rufin kwano da shanu, sai ka ɗauka kana gani. Amma in ka duba gaba, inda titin yake da inda tudu yake, babu komai sai fari. Layin da ya raba sama da ƙasa ya ɓace. In titin ya bayyana, dishi-dishinsa yana sa a ga kamar yana da nisa fiye da yadda yake. Sakamakon haka matuƙi yakan yi ƙasa da yawa, kuskure iri ɗaya da wanda titin hawa ke jawowa.

A lokacin hunturu ne, ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. In kuma rashin gani ya haɗu da dutse, abin ya fi muni. Ranar 3 ga Mayu 1963 wani jirgin Air Afrique da ya taso daga Duwala ya daki dutsen Kamaru, mutum 55 suka halaka. Ranar 17 ga Satumba 2006 wani Dornier 228 na sojan saman Najeriya, irin jirgin da ke zuwa Lukla, ya daki tudu a yankin Vandeikya na jihar Binuwai a kan hanyarsa ta zuwa tsaunin Obudu, mutum 13 suka rasu, galibinsu manyan hafsoshin soja. Ƙasarmu ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar yadda wasu ke zato. Akwai duwatsun Mandara da ƙololuwar Rumsiki a arewa, duwatsun Alantika a kan iyakar Kamaru da Najeriya, ga tsaunukan Poli inda Hosere Vokre ya haura mita 2,000, ga tudun Mambila a Taraba.

Maɓallin da ke ɓata tarbiyya

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna game da yadda ake wannan wasa. Ga wa da ƙane zaune a inuwar darbejiya bayan la'asar, kawuna a haɗe a kan waya ɗaya. Jirgin ya shigo kwarin Lukla a karkace, da gudu fiye da kima.

“Yaya, ka yi sama da yawa.”

“Bari ka gani, zan danno shi.”

Ya dangwarar da hanci, gudu ya ƙaru, jirgin ya daki titi ya yi tsalle, ya sake duka, ya tafi ya rungumi bango. Dariya ta ɓarke.

“Saura ni, Yaya. Ba ni in gwada.”

Aka danna maɓallin sake farawa, jirgi ya dawo sabo fil. Za a yi ta maimaitawa har sa'a ta faɗo kan wani ya tsaya kafin bango, shi ne gwanin ranar.

Babu laifi a dariyar. Laifin yana cikin ɗabi'ar da hannu ke koya. Wasan yana saka wa wanda ya nace, ko da ya shigo a karkace, saboda faɗuwa ba ta cin komai. A jirgin gaske kuwa, abin da ake horar da matuƙi a kai shi ne kishiyar haka. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ana so jirgi ya gangaro a kan layi mai karkatar digiri 3, wato ya sauko kimanin mita 50 a kowace kilomita. A gefen titi akwai fitilu huɗu: biyu farare biyu jajaye na nufin kana daidai, farare sun yi yawa ka yi sama, jajaye sun yi yawa ka yi ƙasa. Ƙa'idar da kamfanonin jirage ke bi ita ce, kafin jirgi ya sauko ƙasa da ƙafa 1,000 cikin gajimare, ko ƙafa 500 in sarari ya buɗe, dole gudunsa da layinsa da saurin gangarowarsa su kasance sun daidaita, tayoyi a waje. In ɗaya bai daidaita ba, a ƙara wuta a koma sama, a zagayo a sake shiri.

Direbobin manyan motoci da ke bin hanyar Ngaundere zuwa Garwa sun san wannan hikima a kan gangaren Mbe. Tun daga saman tudu ake sa ƙaramar giya. Wanda ya bari sai ya shiga tsakiyar gangare da lodi sannan ya fara neman giya, birkinsa zai yi zafi ya daina kamawa, kuma a lokacin babu sauran dabara. Haka saukar jirgi take.

Abin takaici, ko ƙwararru suna shan wahalar bin wannan ƙa'ida. Wani bincike da gidauniyar kiyaye haɗurran jirage ta Flight Safety Foundation ta fitar a 2017 ya nuna cewa cikin saukar da ba ta daidaita ba, kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai ake fasawa. Sauran duk ana dannawa a sauka a haka. Dalilan sanannu ne: gajiya, tunanin mai da lokaci, kunyar abokin aiki, da zuciyar da ke cewa ai saura kaɗan. Galibi ana dacewa, kuma dacewar ce ke ƙara wa mutum ƙarfin gwiwar maimaitawa.

A nan ne Lukla take da darasi mafi girma. A can, da zarar ka shiga zangon ƙarshe babu damar fasawa, domin dutse ya tare gaba kuma kwarin ya yi ƙunci ga juyawa. Don haka matuƙan Nepal suke yanke hukunci tun kafin su kai wannan wuri. In gajimare ya rufe, su juya su koma Katmandu da fasinjojinsu, ko an yi gunaguni. Sau da yawa ma ba sa tasowa sam, masu hawan dutse su yi kwanaki suna jira. Gwanintarsu tana cikin wannan haƙuri fiye da yadda take cikin hannu. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Fasa saukar ma sai an koya, don aiki ne mai nauyi a cikin daƙiƙoƙi kaɗan: ƙara wuta, ɗaga hanci daidai gwargwado, riƙe jirgi kada ya karkace. Ranar 3 ga Disamba 1995 wani Boeing 737 na kamfanin jiragen Kamaru da ya taso daga Kwatano ya faɗi a Duwala yayin da yake ƙoƙarin komawa sama, bayan injinansa biyu sun ƙi ba da ƙarfi daidai da juna. Mutum 71 cikin 76 suka rasu. Irin wannan yanayi ne ake sa matuƙa su maimaita a na'urar horo har ya zauna musu a jiki, kuma shi ne abin da mai wasa a waya zai iya maimaitawa kyauta, in ya ga dama.

Hanyar Garwa zuwa Ngaundere

Shawarata ga mai son wannan wasa da gaske ita ce ya dawo gida ya fara. Kowane filin jirgi yana da lambar haruffa huɗu da ake nemansa da ita: Garwa FKKR, Ngaundere FKKN, Marwa FKKL, Yola DNYO, Kano DNKN. Ya ɗauki ƙaramin jirgi irin Cessna 172, ya tashi daga Garwa a yanayin sanyin safiya, ya lura da inda tayoyinsa suka bar ƙasa. Sannan ya shiga wajen saita yanayi, wanda galibin waɗannan wasanni suna da shi, ya kai zafi digiri 42, ya cika jirgin da kaya, ya sake tashi. Zai ga yadda titi ke tafiya jirgi yana jan ƙafa, da yadda hawa ke zama da ƙyar.

Daga nan ya nufi kudu. Tsakanin Garwa da Ngaundere kimanin kilomita 220 ne a miƙe, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a irin wannan jirgi. Zai bi ta saman dajin Binuwai, tsaunukan Poli suna hannun damansa, ƙasa kuma tana tasowa a hankali har ta yi tsalle ɗaya a gangaren Mbe. Wanda ya tashi daga Garwa ya tsaya a tsayin mita 1,000 yana jin ya yi sama, zai tarar tudun Adamawa ya fi shi tsayi. Ya rage nisan gani zuwa kilomita 2 ko 3, kamar ranar hazo, ya ga ko zai iya samun filin da agoguna da taswira kaɗai. Sannan ya kafa wa kansa doka: duk saukar da ba ta daidaita ba a ƙafa 500, zai fasa, kuma zai ƙirga fasawar a matsayin nasara. Wanda ya yi wata guda a kan wannan, ranar da ya koma Lukla zai shiga kwarin da wani ido daban.

Wasan yana da iyaka, kuma dole a faɗa. Ba ya ba ka jin nauyin jirgi a jikinka, ba ya ruɗa maka kunnen ciki kamar yadda gajimare ke yi wa matuƙi har ya ɗauka yana miƙe alhali yana karkace, ba ya kuma sa maka tsoron da ke busar da maƙogwaro. Babu wanda ke zama matuƙi a waya. Amma yana koyar da karanta agoguna, da lissafin mai da nisa, da fahimtar iska, da ɗabi'ar bin ƙa'ida, in an yi shi da niyyar koyo.

Ga iyaye da malamai kuwa, yaron da ke tambayar dalilin da ya sa jirginsa ya ƙi tashi cikin zafi ya riga ya shiga darasin kimiyya da ƙafarsa. A kama hannunsa a nan. A nuna masa cewa hanyar tana bi ta lissafi da kimiyya da harshen Turanci, wanda shi ne harshen sadarwar jiragen sama a duniya, ko da yaro da Faransanci ya yi karatu. Makarantun ba su da nisa. A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jiragen sama da aka kafa a 1964. A Yamai akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, mai horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi daga ƙasashe da dama, har da Kamaru. A Garwa kanta akwai sansanin sojan sama na 301, inda ake horar da matuƙa. Harkar jirgin sama tana buƙatar matuƙa da injiniyoyi da masu hasashen yanayi da ma'aikatan hasumiya, kuma yankinmu yana buƙatar 'ya'yansa a cikinsu, waɗanda suka tashi cikin hazo da zafin bazara suka san halinsu.

Matuƙi ba shi kaɗai yake yanke hukuncin sauka ko fasawa ba. Akwai wata murya da ke gaya masa ƙarfin iska da nisan gani, ta ba shi izini ko ta hana. A babi na gaba za mu hau hasumiya, mu ga yadda masu wannan murya suke aikinsu.